Kwikwiyon Bana, Karen Baɗi

Ɗana, ran nan na hango ka ka shigo layi a kan babur da kwali a gabanka, wani ɗan baƙin kai yana leƙowa ta saman kwalin. Kafin ka kashe inji yaran unguwa sun yanyame ka. Da yamma na bi ta ƙofar gidanku na tarar ka ɗora shi a cinya kana ba shi tsire a baki, yana ɗan ciccije maka yatsa, kuna ta dariya. Ban tanka ba, don ba a tare mai murna da wa'azi. Amma irin wannan kwalin ya sha shigowa unguwar nan a kan idona, kuma na san inda zancen yakan kwana. Bayan wata tara ko goma sai ka ji an ce karen gidan wane ya ka da tsohuwa a tsakar gida, ko ya yage wa almajiri ƙwauri. Daga nan sai sarƙa, ɗauri dare da rana a gindin katanga, da haushin da ke hana maƙwabta runtsawa. Ƙarshenta a sayar da shi da asara, ko a wayi gari wani ya jefo masa nama mai guba. Kowa sai ya ce an yi rashin sa'ar kare. Ni da na shekara fiye da talatin ina ajiye karnuka, da wuya in bi diddigin irin wannan labari in tarar da laifin a wuyan dabbar.

Ban ga aibinka ba don ka so kare. Masu haura katanga sun yi yawa, kuma mutum yana son ya kwanta da sanin akwai kunnen da bai yi barci ba. Ko a karatun zaure mun ji labarin Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai Risala, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira. Masu sharhin littafinsa sun kawo cewa katangar gidansa ta faɗi a wani lokaci na zaman ɗar-ɗar, sai ya ajiye kare. Da aka tuna masa cewa Imam Malik bai so a ajiye kare a gida ba, sai ya nuna musu cewa da Malik ya riski zamaninsu, zaki ma da ya ajiye. Hadisi ya ba da dama a riƙe kare don farauta, ko kiwo, ko tsaron gona, ya kuma yi gargaɗin raguwar lada kullum ga wanda ya ajiye shi haka kawai. Malamai da dama sun shigar da gadin gida cikin abin da aka yarda da shi. To ka fara tambayar kanka, wane aiki ka ɗauko wannan dabba ta yi maka? Amsar ita za ta nuna maka inda zai kwana, inda zai taka, da inda ƙafarsa ba za ta taɓa zuwa ba.

Wannan zance kuwa ana gama shi ne tun kwalin bai shigo ba. Tun ran gini, ran zane. Kai ka riga ka makara da kwana uku, amma ba a yi nisa ba. Ka zauna da mutanen gida gaba ɗaya, har da Inna, har da ƙaramin ƙanenka, ku yanke: daga zaure zuwa bayan gida nasa ne, ɗakin kwana, madafi, wurin randa da inda ake shimfiɗa dardumar salla ba nasa ba ne. A mazhabar Malikiyya da yawancinmu muka tashi a kanta ba a ɗauki kare mai rai najasa ba, amma in ya sa baki a ƙwaryar ruwa ana wanke ta sau bakwai. Shafi'iyya kuwa sun ɗauki yawunsa najasa mai nauyi, kuma ba ka san wane baƙo zai sauka a gidanku gobe ba. Saboda haka kaskonsa daban, wurin shan ruwansa daban, buta kuma a rataye ta. Nakan tuna wa yara cewa karen nan mafi shahara a wurinmu, na Ashabul Kahfi, ya bi iyayen gidansa har kogo, amma a bakin ƙofa ya yi wurin kwanciyarsa.

Yanzu ka ɗaga ɗan kwikwiyon nan da hannu ɗaya. Kilo nawa ne? Huɗu ko biyar. In irin karen Jamus ne da ake kira Alseshan, namijinsa yakan kai kilo 30 zuwa 40. Rotwaila yakan kai 50. Bobul na Afirka ta Kudu yakan haura 60, wato ya fi buhun siminti nauyi. Yau in ya daka tsalle ya dafa maka gwiwa sai ka shafa kansa ka ce yana da wayo. Baɗi wannan tsallen a ƙirjin kakarka zai sauka, ko a fuskar ɗiyar yayarka mai shekara uku. Yau yana cizon yatsanka da haƙoran nono kana dariya, baɗi da wane baki za ka ce masa cizo laifi ne? Shi bai canza ba, abin da ka koya masa yake yi, jikinsa ne kawai ya ƙaru. Duk abin da ka ga kwikwiyo yana yi, ka hango shi yana yin sa da jikin babba; in ba za ka lamunta ba a lokacin, to yau ne ranar hana shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In ya dafa ka, ka juya masa baya, kada ka ce uffan, kada ka taɓa shi. Da zarar ƙafafunsa huɗu sun koma ƙasa, ka sunkuya ka gaishe shi yadda yake so. In ya ciji hannu, wasa ya ƙare nan take, ka miƙe ka bar wurin. Ba a daɗewa yake gane cewa cizo yana korar abokin wasa.

Inda gidaje suka fi tuntuɓe shi ne rashin haɗa baki. A ce kai ka hana shi zuwa wurin tabarmar cin abinci, ka yi mako biyu a kai. Wata rana ba ka nan, ƙanenka ya ga ya langaɓe kai yana kallon akushi, tausayi ya kama shi, ya jefa masa loma ɗaya. Za ka ce ai loma ɗaya ce. Wannan lomar ta fi a ce kullum ake ba shi ɓarna. Wani masanin halayyar dabbobi ɗan Amurka, B. F. Skinner, ya yi shekaru yana gwaji da tattabaru da ɓeraye, kuma a shekarun 1950 ya bayyana abin da ya gano: dabbar da ake saka wa kowane lokaci in ta yi wani abu, da an daina ba ta sai ta haƙura da wuri, wadda kuwa ake ba ta jefi-jefi, ba ta san yaushe za ta dace ba, ita ce ke nacewa ba ta gajiya. Ka dubi ɗan caca. Da kullum cinye shi ake yi da tuni ya tuba, cin da yake yi sau ɗaya a wata shi ke mayar da shi. Karen da aka hana sau tara aka ba shi a na goma, abin da ya koya shi ne naci yana biya. Shi ya sa za ka ga kare ya zauna awa guda yana zubar da yawu a gaban masu cin tuwo, an kore shi ya dawo, an jefe shi ya dawo.

Ke kuma 'yata, ƙanwar mai karen, wannan maganar ta fi shafar ki. Mai karen yakan fita tun safe sai dare, ku ke wuni da dabbar. In kina tsoronsa, ki faɗa tun yana ƙarami a koya miki yadda za ki tsayar da shi da muryarki. Kada ki yarda a ce miki ai na yayanki ne, ba ruwanki. Karen da maganar mutum ɗaya kawai yake ji a gida mai mutum goma, hatsari ne ga sauran tara.

Ku kuma daidaita kalmomin. In kai kana cewa "zauna", wani yana faɗa da Turanci don ya ji haka a bidiyo, Inna kuma tana cewa "kai, tafi can, ɗan banza", to kun ba shi harsuna uku a kan abu ɗaya. Kare ba ya jin Hausa, ba ya jin Turanci, sauti yake riƙewa da abin da ya biyo bayansa. Kalmomi biyar ko shida gajeru sun ishe ku: zo, zauna, tsaya, bari, fita. A faɗa sau ɗaya, da murya a kwance. Wanda yake cewa "zo, zo, zo, na ce ka zo" yana koya masa cewa ukun farko ba komai ba ne.

Bari in ba ka labarin wautata, don kada ka ɗauka daga sama na faɗo. Karena na farko Duna ne sunansa, ɗan gida ne, irin na mafarauta, baƙi wuluk da ɗan fari a ƙirji. Yana ɗan wata biyar na dawo daga kasuwa bayan isha'i na tarar da takalmin fatar da nake zuwa masallacin Juma'a da shi, ƙafa ɗaya ta zama tsumma. Duna ya taho a guje yana kaɗa wutsiya har da ƙugunsa don murnar ganina. Na ɗauki ɗayar ƙafar na rufe shi da duka. Washegari da ya ji ƙarar kekena sai ya shige ƙarƙashin amalanke, kunnuwa a kwance, har da ɗan fitsari. Na ce wa mutanen gida, kun gani, ya san laifinsa. Sai da wani tsohon maharbi da muke zama da shi ya ji labarin, ya girgiza kai ya ce, "Malam, kare ba shi da jiya." Takalmin tun hantsi ya tauna shi, ya manta. Abin da yake yi a daidai lokacin da duka ya sauka shi ne tarbata. To abin da na hukunta ke nan. Na fi wata biyu ina lallaɓa shi kafin ya sake fitowa ya tarye ni a ƙofa, kuma har ya tsufa in na sunkuya zan ɗauki takalmi sai ya ja da baya.

Kare yana haɗa abin da ya yi da sakamakonsa ne cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. In lokacin ya wuce, ya wuce. Ka tarar da kashi a tsakar gida, ka kwashe, ka wanke wurin sosai don kada warin ya sake jawo shi, gobe ka fitar da shi wurin da ka zaɓa da zarar ya farka da kuma bayan ya ci abinci. Tura hancinsa cikin ƙazantar ba ya koya masa komai sai ɓuya. Batun tauna kuwa, tsakanin wata uku zuwa shida yake famfara, dasashinsa na ƙaiƙayi, dole ya tauni wani abu. Da na ba Duna igiya mai kauri na ɗaga takalmina sama, da ba a yi haka ba.

Ga yadda nake koyar da iyaka yanzu. Da safe kafin ya ci abinci, in sa masa igiya, in zuba 'yan gutsattsarin dafaffiyar hanta a aljihu, kowanne bai fi ƙwayar wake ba. In taho da shi har dokin ƙofar da ba na so ya ƙetare. Ni in shiga. Da ya ɗaga ƙafa zai biyo ni, in ce "a'a" in tare shi da jikina, in mayar da shi baya ba tare da fizga ba. Da ƙafafunsa sun tsaya a waje, kafin ya sake tunani, in ce "yauwa" in miƙa masa hanta, kuma a waje zan ba shi, ba a ciki ba. Minti biyar ya isa, hankalin kwikwiyo ba ya wuce haka. Da yamma a sake. In ya kama, sai in ƙara nisa, in shiga in zauna, in ɗauki kwano, in sa yaro ya wuce da gudu, in bar ƙofa a buɗe ana suyar nama. Kada ka yi mamaki in ya ƙware a ƙofar madafi amma ya faɗa ɗakin Inna kai tsaye; a wurinsa kowace ƙofa karatunta daban, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Malaman fikihu da suka yi bayanin kare horarre a babin farauta sun ce shi ne wanda in an sake shi zai tafi, in an tsawata masa zai tsaya, wasu suka ƙara da cewa ba zai ci abin da ya kamo ba. Tafiya kowane kare ya iya. Tsayawar ita ce horon.

Na san abin da abokanka za su ce maka: in kana son ya yi zafi, ka kulle shi a keji mai duhu kada ya ga mutane, ka riƙa barin sa da yunwa, ka zuga shi a kan yara. Na ma ji masu cewa a zuba masa barkono ko wiwi a abinci. Ɗana, wanda bai ji bari ba, zai ji hoho. Daga mako uku zuwa kamar mako goma sha biyu ko sha huɗu na rayuwarsa, kwikwiyo yake tantance abin da yake na yau da kullum da abin tsoro. Abin da bai saba da shi ba a wannan ɗan tsakanin, yakan girma yana ɗar-ɗar da shi. Karen da aka ɓoye bai san mace mai hijabi ba, bai san mai rawani ba, bai san jariri mai rarrafe ba, ba zai bambanta ɓarawo da mai garuwa ba. Matsoraci ne, kuma matsoracin kare shi ya fi saurin cizo. Mai gadi na ƙwarai ya ga mutane iri-iri har ya san yadda mai shigowa da sallama yake, shi ya sa in wani ya diro ta katanga da tsakar dare yake gane wannan daban ne. Ka bar shi ya cika mako takwas a wurin uwarsa, don a cikin 'yan'uwansa yake fara koyon cewa cizo da ƙarfi yana ɓata wasa; masu sayarwa suna gaggawar raba su ne don kuɗi. Sannan ka nuna masa duniya a hankali, akuya, babur, janareto, amma kada ka bar shi yawo inda karnukan titi suke kafin ya gama allurarsa.

Akwai kuma masu cewa a intanet wai sai ka danne shi a ƙasa ka nuna masa kai ne shugaban garke. Wannan tunani ya samo asali daga kallon kyarketan ƙasashen sanyi da aka tara a tsare. David Mech, masanin da littafinsa na 1970 ya yaɗa shi, da kansa ya dawo a 1999 ya ce ba haka abin yake a daji ba: garken iyali ne, uwa da uba da 'ya'yansu. Kuma in kare ya yi gurnani kada ka doke shi don gurnanin. Gurnani sallamarsa ce kafin cizo. Ka kashe ta, ka sami kare mai cizo ba sanarwa. Ka nemi abin da ya sa shi, ka gyara can.

Rabin dokokin ma ba na karen ba ne, na mutane ne. Yaro ba ya taɓa kare yana cin abinci, ko yana barci, ko karya tana shayarwa. Ba a hawansa, ba a jan wutsiyarsa, ba a barin ƙaramin yaro da babban kare su kaɗai, ko da kuwa tare suka tashi. Maƙwabci yana da hakki: ba a sakin kare sai an rufe ƙofar gida, a kuma kama shi kafin masu zuwa sallar asuba su fara fitowa. Almajirin da ya saba tsayawa a zaurenku tun kafin a haifi karen bai yi laifin komai ba.

Allurar haukan kare kuwa ba abin jinkiri ba ce. Yana cika wata uku ka kai shi wurin likitan dabbobi, ka riƙa sabuntawa kowace shekara, ka adana katin. Ba sai an je ƙasar waje ba, cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, tana yin allurar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar kare, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. In alamunta suka bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. In aka yi cizo, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana tsawon minti 15, a tafi asibiti a ranar, a kuma tsare karen a sa masa ido kwana goma. Na taɓa ganin an tsige gashin kare an ɗora a kan ciwo an ce magani ne. Kada ka bari a yi wa naka haka.

Shi ma yana bin ka bashi. Inuwa, ruwa mai tsabta da ba ya yankewa, abinci a kan lokaci, da wurin da zai miƙe ƙafa. Kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake rage zafi, don haka keji mai rufin kwano a ranar Afrilu azaba ce. Ina tausayin irin masu gashin nan na duwatsun Kokeshiya da ake ajiyewa a Kano don burgewa. Kada ka juye masa ragowar miya mai albasa, kada a ba shi cakulan ko goro don wasa, suna cutar da shi, dafaffen ƙashin kaza kuma yakan tsage ya soke hanji. Ka tuna hadisin wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Wanda ya ƙoshi, ya zagaya, ya gaji, sauƙin horo gare shi. Yawancin haƙar ramuka da haushin banza zaman kaɗaici ke kawo su.

Duna ya shekara goma sha biyu. A shekararsa ta ƙarshe idonsa ya yi hazo, kunne ya yi nauyi. Ranar bikin 'yata ta fari gida ya cika, an bar ƙofar madafi a wangale tun safe, tukwanen nama a jere a ƙasa, babu wanda ya tuna da shi. Da la'asar na leƙa na gan shi kwance, haɓarsa a kan dokin ƙofa, hancinsa yana motsi, ƙafafunsa duka a waje. Na ɗebo masa rabonsa na kai masa kaskonsa.

Gobe bayan la'asar ka zo da naka. Ka taho da igiya da 'yar hanta, ka kuma taho da ƙanenka, wancan mai jefa loma. Da shi za mu fara.